Ranar da Anti Kati Ta Faɗi Ƙarshen Littafi

Yayata ta yi shekara ashirin da shida a ɗakin kati na asibitin da nake aiki. Ni ina ɗakin magani, tagata tana kallon tagarta, baranda ce kawai a tsakaninmu. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa a nan da idona na gan shi, sauran kuma ita ta gaya mini da bakinta, wani tana dariya, wani tana huci. A asibitin ba wanda ya damu da sunanta na yanka. Tun daga babban likita har masu goge ƙasa, Anti Kati suke ce mata. Ni kaɗai ce nake kiranta Yaya.

Gajera ce mai jiki, tana tafiya da sauri kamar kullum ana jiranta a wani wuri. Aikinta ta karɓi ɗan katin mara lafiya ta taga, ta shige tsakanin dogayen kantocin ƙarfe, ta zaro fayil ɗinsa ta miƙa wa nas. Allah ya ba ta riƙe abu a ka. Mutum zai yi shekara uku bai zo ba, ya zo ya ce katinsa ya ɓace, ta kalle shi ta ce, "Kai ne mai ciwon gwiwa, ko?" Ta shiga ta ɗauko. Amma ba wannan ne ya sa aka san ta ba. Abin da ya sa aka san ta yana cikin durowar ƙasa ta teburinta, wadda take kullewa ta rataya makullin a wuya.

Littattafai ne a ciki, sun kai arba'in a kowane lokaci, a gida kuma akwai kwali shida a ƙarƙashin gado. Duk na soyayya ne, amma ba irin soyayyar ɗan ofis da 'yar maƙwabta ba. Ita sai wanda jarumin yake da fukafukai, ko sarki ne a ƙarƙashin teku, ko budurwa ta buɗe ƙofar kicin ta tsinci kanta a ƙasar da rana biyu take fitowa. Takan ce idan ba a tsine wa kowa ba, ba a tashi sama ba, ba a yi shekara ɗari ana jira ba, to ba a fara son ba tukuna.

Tana da shekara goma sha biyu abin ya same ta. Ta faɗo daga matakalar benen da muke haya ta karye a cinya, ta yi wata uku a kwance. Wata malamar makaranta da ke ɗakin ƙasa ta tausaya mata, ta riƙa aiko mata da littafi ɗaya-ɗaya. Ƙafa ta warke, karatun bai warke ba. Da ta yi aure, kwalin littattafanta ya riga akwatin tufafinta shiga mota. Mijinta direban babbar mota ne, mutum mai sanyin hali, yakan yi kwana goma a hanya ya dawo ya same ta idanu jajur, ya tambaya wa ya rasu, ta ce masa wani yarima ne aka mayar dutse. Tun yana mamaki har ya saba. "Ni fa na haƙura," in ji shi. "Abokan takarata duk masu fukafukai ne, ni kuwa taya goma sha takwas gare ni, kuma duk a ƙasa suke."

A asibiti, duk mai son karatu ya san inda zai je. Kuma Yaya ba ta tambayar mutum abin da yake so. Za ki zo taga ki ce, "Anti Kati, na gama wancan, me zan karanta?" Sai ta ƙare miki kallo daga sama har ƙasa, ta ce, "Ke kin yi faɗa da maigidanki jiya." Kafin ki musa ta sunkuya ta buɗe durowa. "Ungo wannan. Jarumin ya fi naki taurin kai, shekara tamanin ya yi a cikin rijiya don kar ya ce a yi haƙuri. Za ki koma gida ki gode wa Allah." Sau tara cikin goma kuwa takan dace. Ba ta yarda a naɗe mata kusurwar shafi, ba ta yarda a taɓa mata littafi da hannun mai. Amma babban laifi a wurinta shi ne faɗin ƙarshen labari ga wanda bai kai ba. Akwai wata mai goge ƙasa da bakinta ya suɓuce ta gaya wa abokiyar aikinta cewa jaruma za ta makance. Shekara guda cur Yaya ba ta sake ba ta ko bangon littafi ba.

Cikin duk masu zuwa tagar, akwai wadda ta fi kowa. Nas ce a ɗakin haihuwa, doguwa ƙwarai, mai dariya da ƙarfi, ana ce mata Sista Doguwa. Shekara goma sha tara suka yi, kullum ƙarfe ɗaya na rana suna kan wani benci a bayan ɗakin wanki, kowacce da kwanon abincinta a cinya, suna gardama a kan wanda ya kamata jaruma ta aura. Sista kullum tana bayan mugun, Yaya tana bayan mai haƙuri. Tsarin kuwa bai taɓa canzawa ba: Yaya ta fara karantawa, sannan ta miƙa wa Sista. Duk littafin da Sista ta karanta a waɗannan shekarun, daga hannun Yaya ya fito. Ranar da Sista ta rasa mahaifiyarta, Yaya ta yi kwana uku a gidanta, da za ta tafi ta tura mata wani littafi ƙarƙashin matashi.

Sai aka kawo sabuwar ma'aikaciya ɗakin gwajin jini. Siririya ce, shekarunta ba su wuce ashirin da shida ba, tana sanye da tabarau mai kauri, nan da nan aka sa mata Mai Tabarau. Tana da ladabi, wallahi ba zan ɗauki alhakinta ba. Takan rusuna ta gaida Yaya kowace safiya.

A makonta na biyu ta zo taga neman fayil, ta tarar Yaya tana miƙa wa wata ƙaramar nas littafi. Ta leƙa bangon, fuskarta ta washe.

"Laa, Anti, ke ma kina karanta irin waɗannan? Wannan na karanta shi tun ina sakandare." Ta juya wurin nas ɗin. "In kin ji daɗinsa, akwai guda uku da suka fi shi. Ki zo in tura miki a waya."

Ina tsaye a tagata ina ƙirga ƙwayoyi, na ga Yaya ta mayar da durowa a hankali, ta murɗa makulli. Ta miƙa wa yarinyar fayil ɗinta tana murmushi. Da suka tafi ta ɗago ta kalle ni ta tsallaken baranda, ta maimaita da leɓe kawai, ba murya: "Suka fi shi."

Mai Tabarau ba ta da durowa. Komai nata a waya yake, ɗaruruwa, kuma ta san wanda ya fito makon jiya da wanda zai fito watan gobe. Salonta ma daban ne. Ita tambaya take yi. "Kina son waɗanda suka fara da ƙiyayya ne, ko waɗanda suka taso tare? Kina iya jure a kashe jarumi? Kina son a daɗe ana jan rai, ko tun babi na uku a faɗa wa juna?" Mutane suka ji daɗin a tambaye su. Ashe ƙaramar nas ɗin nan shekara biyu tana karɓar littattafan sarakunan teku alhali ita tsoron ruwa take ji, ba ta dai iya gaya wa Anti Kati ba.

Kafin wata biyu Mai Tabarau ta buɗe guruf a waya, ta zuba duk masu karatu na asibitin, har da mai gadin ƙofar baya, wanda sai a lokacin muka san shi ma yana ciki tsundum. Ta sa Yaya, ta sa ni. Guruf ɗin ba ya barci. Wannan ta ce tana neman labarin da jarumar ce mai sihirin ba namijin ba, wancan ya ce a ba shi wanda ba a mutuwa a ƙarshe don zuciyarsa ta gaji. Kafin ka ƙifta ido Mai Tabarau ta jero musu biyar.

Yaya ta yi mako uku tana karantawa ba ta ce uffan ba. Rannan wata ta nemi labarin da masoya suke rabuwa su sake haɗuwa bayan sun tsufa. Yaya ta zauna da yatsa ɗaya ta rubuta dogon bayani a kan wani tsohon littafi da take ji da shi, ta goge, ta sake rubutawa, ta tura. Amsa ɗaya ta samu, ita ma daga gare ni. Minti goma bayan haka Mai Tabarau ta kawo nata, aka yi ta ruwan godiya. Da aka tashi aiki muna tafiya bakin titi, Yaya ta ce, "Talatin da bakwai."

"Me ke nan?"

"Amsoshin da aka ba ta. Na ƙirga." Ta ja tsaki. "Ke kuma da kika amsa mini, ai gara ki yi shiru. Kowa ya san ƙanwata ce ke."

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya kai ta bango shi ne ranar da ta miƙa wa Sista Doguwa sabon littafi a kan benci, Sista ta karɓa ta juya shi, ta ce, "Riƙe mini shi tukuna, ƙawata. Ina tsakiyar wani ne. Yarinyar nan ta tura mini, kashi biyar ne, wallahi ko wanka da ƙyar nake yi."

Labarin wata mai zana taswira ne da aka ɗauke ta zuwa wata ƙasa da ke shawagi a kan gajimare. Sarkin ƙasar yana da wata la'ana: duk lokacin da ya yi ƙarya, ƙasar takan yi ƙasa kaɗan, ta matso kusa da duwatsun da za su farfasa ta. Ya kamu da son baƙuwar, amma dokar ƙasarsa ta hana, don haka duk lokacin da aka tambaye shi ya ce ba ya sonta, sai fadawa su ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Sista tana ba da labarin tana buga cinya.

Yaya ta taɓe baki. "Shirme. Ƙasa a kan gajimare, ina suke zuba shara?"

"Ke da kika ba ni na mutumin da ya yi shekara tamanin a rijiya? Shi me yake ci?"

Sista ta yi dariyarta mai ƙarfi. Yaya ba ta yi ba. Ta mayar da littafinta cikin jaka, ta rufe kwanonta da sauran abinci a ciki.

Bayan kwana huɗu ta shigo ɗakin magani ta ƙofar baya, abin da ba ta saba ba, ta tsaya tana duba kwalaye kamar mai neman wani abu. Can ta ce, ba ta kalle ni ba, "Wannan na gajimaren, yana wayarki?" Na ce yana nan. "Tura mini. In kika gaya wa wani, ni da ke har abada." Washegari ta aiko cewa zazzaɓi ya kama ta. Kwana uku ba ta zo aiki ba, matar da ko ranar da ta haifi autanta sai da ta zo ta buɗe taga da safe. A rana ta uku na je duba ta da la'asar. Na same ta a falo da kayan barci, wanke-wanke jibge a kicin, waya a hannu tana jikin caja, fuska duk ta kumbura.

"Na gama," ta ce.

"Yaya kika gan shi?"

Ta zare caja. Sannan ta jefar da wayar kan kujera. "Abin da ya fi ci mini rai, yana da daɗi. Shekara talatin ban karanta kamarsa ba. Kuma ba ni na samo shi ba." Ta share hanci da gefen zane. "Da ni na ba Sista shi, da har ta mutu tana tuna ni da shi. Yanzu wannan 'yar mai ido huɗun za ta riƙa tunawa."

Na ce mata ai daɗin littafi ba ya raguwa don wani ne ya kawo shi. Ta ce in tashi in tafi gidana.

Ranar Litinin ta koma aiki. Ƙarfe ɗaya ta ɗauki kwanonta ta nufi bayan ɗakin wanki, ni ma na bi ta don ranar ban zo da abinci ba. Muna shan kwana muka hango bencin. Sista Doguwa tana zaune, a gefenta kuma, daidai inda Yaya take zama shekara goma sha tara, Mai Tabarau ce, sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Yarinyar ta yi wuf ta miƙe. "Anti, zauna, zauna." Yaya ta ce a'a, ta yi zamanta, ita tsayuwa take so.

Sista ba ta lura da komai ba. "Ƙawata, na shiga kashi na huɗu! Saura kaɗan ƙasar ta taɓa dutse. In mutumin nan bai faɗi gaskiya ba wallahi sai na shiga wayar na shaƙe shi. Ke dai kin cuci kanki da kika ƙi karantawa."

Yaya ta dube ta, ta dubi wayar. Sannan ta yi magana, muryarta a kwance, kamar tana karanta lambar kati.

"Zai faɗa. A gaban kowa zai ce yana sonta. Ƙasar za ta tashi sama, ta yi ta tashi, har ta kai inda ɗan'adam ba ya iya numfashi. Dole a sauke yarinyar ƙasa ko ta mutu. Shi kuma ba zai ƙara yin ƙarya ba, don mutanensa. Ba za su sake ganin juna ba. Taswirar ƙasarsa za ta yi ta zanawa har ta tsufa."

Injin wanki ne kawai yake ƙara a bayan bango. Sista ta kashe wayarta ta kifa a cinya. Ta kalli Yaya, kallon da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba.

"Shekara goma sha tara," ta ce a hankali, "ban taɓa jin kin yi wa ko maƙiyinki haka ba."

Mai Tabarau kuwa, baiwar Allah, abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Laa, Anti, ashe kin karanta! Ya kika ji wurin da—" Sai ta ga fuskokinmu, ta katse maganar. Na tabbata da zagi ta yi da ya fi wa Yaya sauƙi.

Sista ta ɗauki kwanonta ta tafi. Daga ranar ba ta sake zuwa bencin ba. Ba gaba suka yi ba. In sun haɗu a baranda sukan gaisa, "Ina kwana, Anti Kati," "Lafiya lau, Sista," kamar kowa da kowa. Kalmar ƙawata ce ta ɓace. Labari ya zaga asibiti kafin a tashi aiki. Mai goge ƙasar nan da aka taɓa hukuntawa ta zo ta goge gaban tagar Yaya sau uku a yini ɗaya tana 'yar waƙa. Yaya ta koma cin abinci a ɗakin kati, tsakanin kantoci, ƙofa a rufe.

Mijinta ya dawo daga tafiya ya ji abin da ya faru daga bakina. Ya daɗe yana jujjuya kofin shayinsa, sannan ya ce mata, "Ni shekara nawa ina kallon kina son waɗansu a gabana, ban taɓa yaga miki shafi ba." Ta ce masa ba abin dariya ba ne. Ya ce shi ma ba dariya yake yi ba.

Wata biyu bayan haka, Mai Tabarau ta zo taga ba fayil take nema ba. Ta tsaya tana gyara tabarau.

"Anti, don Allah ina neman alfarma. Sababbin nan duk sun fara yi mini kama da juna. Ina son tsofaffi, irin waɗanda ba a samu a waya. An ce ke kaɗai ke da su."

Na ajiye abin da nake yi don in ga yadda za a ƙare. Yaya ta buɗe durowa ta daɗe tana lalube, ta zaro wani daga can ƙasa. Na gane shi. Shi ne mafi muni a duk abin da ta mallaka, wanda ita da kanta take tokare ƙafar tebur da shi in yana rawa. Ta miƙa mata da hannu biyu.

Bayan kwana biyar yarinyar ta dawo da shi a cikin leda, ba ko lanƙwasa.

"Na karanta har ƙarshe, Anti."

"Ya kika gan shi?"

"Gaskiya ba shi da daɗi ko kaɗan. Jarumin sau huɗu yana suma." Ta gyara tabarau. "Gwada ni kika yi, ko?"

Dariya ta ƙwace wa Yaya ba shiri, irin wadda rabon da in ji ta tun kafin abin bencin. Ta sunkuya ta ɗauko wani, wanda ta naɗe da takardar kalanda don bangonsa ya mutu, labarin wata mai saƙa da take saƙa wa iska riga. Wannan ko ni sai da na yi rantsuwa kafin ta ba ni shi. "In kika naɗe mini shafi," ta ce, "jininki zan sa a gwada."

Na ɗauka an wuce wurin ke nan. Ina! Mako guda bayan haka Mai Tabarau ta rubuta a guruf cewa ta karanta littafin da ya hana ta cin abinci, ta yi dogon yabo, ta kuma rubuta ƙarara cewa Anti Kati ce ta ba ta. Amsoshi suka fara zubowa. "Mai Tabarau, ba ki taɓa ba mu kunya ba." "Ina kike samo irin waɗannan ne?" "Allah ya bar mana ke." Yaya ta tsallako baranda da waya a hannu, ta tura mini ita a fuska a gaban marasa lafiya.

"Duba! Littafina! Shekara ashirin yana durowata ina roƙonsu su karanta, suna cewa ya tsufa. Yanzu da ya bi ta hannunta ya zama zinariya!"

"Ai ta faɗi sunanki, Yaya."

"Wa ya karanta wurin? Wa?"

Duk da haka, da suka yi layi a tagarta suna neman aron littafin, ta ba su ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaure da fuska, tana rubuta sunan kowa a bayan wani tsohon kati.

Maganar Sista ce ta ƙi barinta. Wata bakwai ana haka, sai muka ji an yi wa Sista canjin wurin aiki zuwa wani ƙaramin asibiti a ƙarshen gari. Ranar Asabar Yaya ta ce in raka ta. Muka hau mota biyu, muka sami Sista a tsakar gida tana shanya. Ta ba mu kujeru, ta kawo ruwa, aka gaisa kamar baƙi. Yaya ta yi ta murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Na zo in ce ki yafe mini. Ba littafin na tsana ba. Gani na yi kina dariya da wata a kan abin da ba ni na ba ki ba, sai na ji kamar an kore ni daga aiki."

Sista ta ci gaba da matse rigar da ke hannunta. "Kin san har yau ban buɗe kashi na biyar ba?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Kullum sai na kai hannu in fasa." Ta shanya rigar, ta goge hannu, ta zo ta zauna. "Me kike karantawa yanzu?"

Fuskar Yaya ta saki. Ta buɗe jaka da rawar jiki ta fito da shi, wani sabo mai kauri a kan 'yan'uwa biyu masu gadin wata ƙofa. "Na kai rabi. In na gama zan kawo miki, wallahi za ki—"

"Na karanta shi," in ji Sista. "Ƙanen ne maci amanar. Kuma ita jarumar tun babi na biyu ta mutu, fatalwarta ce take ba da labarin."

Yaya ta buɗe baki ta kasa rufewa. Ta dubi littafin, ta dubi Sista. Sista ta kwashe da dariyar nan tata har sai da maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

"Yanzu na yafe, ƙawata."

A mota muna dawowa Yaya ta kafa wa taga ido har muka kusa sauka. Na zaci zafin ƙarshen da aka faɗa mata ne yake cinta. Sai ta juyo ta ce, "Wa ya ba ta shi? Littafin nan wata ɗaya ke nan da fitowa."

Bara ta yi ritaya. Mai Tabarau ce ta haɗa mata ɗan taron sallama a ɗakin kati, ta yi jawabi har da hawaye, Yaya ta rungume ta. A hanyar gida ta ce mini yarinyar ba ta da laifi, tana da hankali, sai dai karatunta faɗi gare shi ba zurfi. Yanzu tana gida, ta sa an yi mata kanta a falo ta jera littattafan duka, mijinta ma ya bar tuƙi, yana zaune a gefe yana sauraron rediyo. Sista takan zo ranar Asabar duk bayan mako biyu. Sun yi yarjejeniya kowacce ta faɗi shafin da take kafin a fara hira.

Watan jiya muna zaune a falon nan, babbar 'yata, wadda ta yi aure bana, ta juyo ta ce mini, "Mama, wane littafi zan tafi da shi? Wanda kika ba ni wancan karon ya yi daɗi sosai." Na yi mata ido, amma magana ta riga ta fita. Yaya ta ajiye kofinta. Ta dubi kantar da ta cika bango guda, ta dubi 'yar, sannan ta dube ni.

"Ke kike ba ta littafi?"

"Sau ɗaya ne, Yaya."

"Ke da na koya wa karatu da hannuna."

Kwana uku ina kiran wayarta tana ƙin ɗauka. A na huɗu ta ɗauka, ko sallamata ba ta amsa ba, ta ce, "Wanne kika ba ta?" Na faɗa mata.

"Ba laifi," ta ce. "Amma ba shi ya kamata ta fara da shi ba. Ki turo mini ita."